LILO A ZAURE: Darasin Awo Daga Wani Binciken Dogon Hutu a Gyaɗi-Gyaɗi

1.0 GABATARWA

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa karatun kimiyya a sakandare ya ji malaminsa na cewa idan aka saki dutse daga bisa, to saurin faɗowarsa yana ƙaruwa da mita 10 a sakan, cikin kowane sakan guda da ya shige. Idan ɗalibi ya shigo jami'a sai a gyara masa adadin, a ce ai 9.81 ne. Wannan adadi shi ne masana fiziks, watau ilmin motsi da ƙarfi da zafi da haske, suka laƙaba wa harafin g. Mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tambayar ko a ina aka auna shi, da kuma ko haka yake a garinmu.

Manufar wannan takarda ita ce in bayyana wani ɗan bincike da na gudanar a dogon hutun damina, a zauren gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, bisa jagorancin wani malaminmu na sashen fiziks. Aikin da ya ba ni shi ne in auna g da hannuna. Na kawo bayanin gaban malamai da ɗaliban Hausa ne saboda dalili biyu. Na farko, don mai karatu ya ga yadda masu kimiyya ke yin awo, da irin jarrabar amana da ke cikinsa. Na biyu kuwa, gwajin ya tono waɗansu kalmomi da muke amfani da su kullum waɗanda ke bukatar a sake dubansu, wannan kuwa aikin wannan sashe ne.

2.0 ME YA SA AKE AMFANI DA LILO

Mai karatu na iya cewa, ai sai a hau bene a saki dutse a duba agogo. To, matsalar ita ce dutsen da aka saki daga tsayin mita 5 yakan isa ƙasa cikin sakan guda kacal, yatsan ɗan Adam kuwa yakan yi jinkiri ko gaggawa da abin da ya kai kashi biyu cikin goma na sakan wajen danna agogo. Ke nan tun kafin a fara lissafi kashi ɗaya cikin biyar na awon ya tafi a banza.

Dabarar da magabata suka gano ita ce a ɗaure abu mai nauyi a ƙarshen zare, a rataye shi, a ɗan ja shi gefe a saki. A wannan takarda zan kira shi lilo, don kuwa bai bambanta da lilon da yara ke ɗaurawa a reshen bishiya ba. Lilo faɗuwa yake yi, sai dai zare na hana shi kaiwa ƙasa, saboda haka yakan yi ta maimaita faɗuwar sau ɗaruruwa, mai awo kuma ya sami damar ƙidayawa a natse. Galileo na ƙasar Italiya ya rubuta a 1602 cewa lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo kusan ɗaya ne, ko ya yi nisa ko bai yi ba. A 1656 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo na farko, a littafinsa na 1673 kuma ya nuna dangantakar da ke tsakanin tsawon zare da lokacin kai-komo.

Ga ƙa'idar a taƙaice. A auna tsawon lilo da mita, a ninka shi da 39.48. Sa'an nan a auna lokacin kai-komo guda, watau tafiya da dawowa, da sakan, a ninka shi da kansa. A raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne g. Ba a bukatar komai sai zare da abin ratayawa da tef na awo da agogo, shi ya sa malamin ya ce in tafi gida in yi, ba sai na riƙa zuwa ɗakin gwaje-gwaje ba.

3.0 RANAR FARKO DA ABIN DA TA HAIFAR

Na sami zaren ɗinki mai kauri, na aro wani ƙarfe mai tsini irin wanda magina ke ratayawa don duba miƙewar bango, na buga ƙusa a katakon rufin zaure. Na auna mita guda daga ƙusa zuwa ƙullin zaren, na ja ƙarfen gefe sosai don in ji daɗin kallo, na ƙidaya kai-komo goma da agogon wayar hannu. Kakata da ta zo wucewa ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, duk kuɗin makarantar da ubanka ke biya a kan lilo za su ƙare?" Na ce mata, "Hajiya, ai ƙasa nake aunawa." Ta ce Allah ya shirya, ta shige.

Da na yi lissafi sai na sami 9.5. Na sake, ya fito ƙasa da haka. A nan ne shaiɗan ya zo mini da shawarar da kowane ɗalibin kimiyya ya sani, ko da ba zai faɗa a bainar jama'a ba: tun da an san amsar 9.81 ce, me zai hana a ɗan taɓa lambobin lokaci har su ba da ita? Ba wanda ya ga awon sai ni, kuma rahoton da ya yi daidai da littafi ba a cika yi masa tambaya ba. Na kwana biyu ina juya abin a zuciya, daga baya dai na ɗauki littafin awona kamar yadda yake na kai wa malamin.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gwajin ya ƙi." Ya duba shafin ya yi murmushi, ya ce da na kawo masa 9.81 daga kai-komo goma da zaren ɗinki, da ya san ƙarya na shirya, domin kayan aikin ba su isa su ba da wannan amsa ba sai bisa katari. Ya ƙara da cewa ko littafin ma ba da Kano yake magana ba. Bai gaya mini adadin Kano ba. Ya dai umurce ni in koma in binciko duk wata kafa da awon ke yoyo, in toshe su ɗaya bayan ɗaya.

4.0 KAFOFIN DA AWO KE YOYO

Wannan aiki shi ya cinye mafi yawan hutun, kuma a cikinsa ne na koyi abin da na koya. Kafofin da na gano guda biyar ne.

(a) Wurin da tsawo ke ƙarewa. Tsawon lilo yana farawa daga inda aka rataye zare, ya ƙare a tsakiyar nauyin abin da aka rataya. Ni kuwa a ƙulli na tsaya, alhali tsakiyar ƙarfen tana ƙasa da ƙullin da kimanin santimita 3. A lilo mai mita guda wannan kashi 3 ne cikin 100, kuma shi kaɗai ya isa ya sauko da amsa zuwa 9.5. Maganinsa shi ne na samo dunƙulallen ƙwallon ƙarfe, irin na cikin boris ɗin manyan injuna, wani mai walda a bakin titin Zariya ya liƙa masa 'yar ƙugiya. Tsakiyar ƙwallo ba ta ɓuya.

(b) Zare. Zaren auduga murɗaɗɗe ne, idan aka rataya masa nauyi sai ya riƙa warwarewa, ƙwallon na juyawa, tsawo na ƙaruwa ana cikin awo. Laimar damina ma tana taɓa shi. Na musanya shi da siririyar wayar ƙarfe, na matse bakinta na sama tsakanin ƙarafa biyu don in san ainihin inda lilon ya fara, na kuma ƙara tsawon zuwa mita 2, saboda kuskuren milimita biyu a mita biyu kashi ɗaya ne kawai cikin dubu.

(c) Faɗin lilo. Maganar Galileo gaskiya ce idan lilon bai buɗe da yawa ba. Idan aka ja shi digiri 10 daga tsakiya, lokacin kai-komo yakan ƙaru da kusan kashi biyu cikin dubu, amsar g kuma ta ragu da kusan 0.04. Idan aka kai digiri 20, raguwar takan ninka sau huɗu. Saboda haka na ja layi da alli a ƙasa, ban sake barin ƙwallon ya wuce santimita 10 daga tsakiya ba, watau kimanin digiri 3.

(d) Ƙidaya. Bahaushe idan zai fara ƙirga da ɗaya yake farawa. Amma wanda ya ce "ɗaya" a daidai lokacin da ya danna agogo, to idan ya kai "goma" kai-komo tara ya ƙirga. Dole a fara da sifiri. Haka kuma kai-komo goma sun yi kaɗan. Na koma ƙirga 200 a jere, ƙanena na jefa tsakuwa guda a kwano duk bayan goma, ni kuma idona na kan layin alli na tsakiya, inda ƙwallon ya fi sauri, don a nan ne ido ya fi tantance lokacin wucewarsa.

(e) Iska da motsin mutane. Zaure hanya ce, duk wanda ya buɗe ƙofa ya shigo da iska. Sai na mayar da awon bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, ƙofa a rufe. Ranar da hadari ya taso kuwa ba na awo.

Abin lura a nan shi ne kafofin iri biyu ne. Jinkirin yatsa wani lokaci gaba yake kai awo, wani lokaci baya, don haka idan aka maimaita sau da yawa aka ɗauki matsakaici sai ya ragu. Amma auna tsawo daga wurin da bai dace ba, ko buɗe lilo da yawa, kullum gefe guda suke karkatar da amsa, ko sau dubu aka maimaita ba za su gyaru ba. Irin na biyun ya fi haɗari, domin amsoshin kan yi kama da juna har mutum ya sakankance ya dace.

5.0 SAKAMAKO DA DALILINSA

Bayan gyare-gyaren nan, kai-komo 200 na lilo mai mita 2 suka riƙa ɗaukar kimanin sakan 568, watau minti 9 da sakan 28. Lissafi ya ba da 9.78. Da na haɗa shakkar tsawo da ta lokaci, sai na ga abin da zan iya tsayawa a kai shi ne amsar tana tsakanin 9.76 da 9.80. Adadin littafi, 9.81, ya faɗa waje. Da shi ne gaskiya a zaurenmu, da lilon ya gama kai-komo 200 da wuri da kusan kashi takwas cikin goma na sakan. A kan wannan ɗan ƙiftawar ido aka yi duk wahalar.

Da na kai wa malamin, sai ya buɗe mini labarin Jean Richer, wanda masanan Faransa suka aika Kayen a gabar Amurka ta Kudu a 1672, wuri mai nisan digiri 5 kawai daga ikwaita, watau layin da ya raba duniya arewa da kudu. Agogonsa mai lilo, wanda aka daidaita a Faris, babban birnin Faransa, ya riƙa yin latti da minti biyu da rabi kowace rana, sai da ya rage tsawon lilon da kusan milimita 3. Richer bai ɓoye wannan saɓani ba, ya rubuta shi yadda ya gani. A 1687 Isaac Newton ya kafa hujja da shi a kan cewa duniya ba dunƙulalliya ba ce sak, tana da ɗan tumbi a tsakiya.

A yau an san dalilan sosai. Duniya na juyawa sau ɗaya a yini da dare, wanda ke kusa da ikwaita kuwa shi ya fi yin babban zagaye. Kano tana digiri 12 arewa da ikwaita, saboda haka mutumin da ke zaune a Tarauni juyawar duniya na tafe da shi gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, wannan kuwa yana rage masa ɗan nauyi. Bugu da ƙari, wanda ke ikwaita ya fi wanda ke ƙololuwar duniya ta arewa nisa da cibiyar ƙasa da kimanin kilomita 21. Waɗannan biyu suka sa g ta kama daga 9.78 a ikwaita zuwa 9.83 a ƙololuwa. Tudu ma na ragewa, amma tsayin Kano daga teku bai kai mita 500 ba, tasirinsa bai wuce 0.002 ba. Adadin 9.81 kuwa an taƙaita shi ne daga 9.80665, wanda taron ma'aunai na duniya ya amince da shi a 1901, kuma ya dace da ƙasashen da ke wajen digiri 45. Da za a kawo agogo mai lilo daga Faris a kafa shi a Gyaɗi-Gyaɗi, zai riƙa latti da kimanin minti biyu kullum.

Kada a ɗauka wannan ɗan bambanci ba shi da amfani. Masu neman mai da ma'adinai kan bi ƙasa da na'urori masu auna canjin g, don duwatsun da ke ƙarƙashi sun bambanta wajen nauyi. Tagwayen taurarin ɗan Adam da ake kira GRACE, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017, da irin wannan awo suka riƙa gano ƙaruwa da raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa a sassan duniya.

6.0 ABIN DA GWAJIN YA NUNA GAME DA KALMOMINMU

Malamin ya sa mini sharaɗi in iya bayyana aikin ga mutanen gidanmu da Hausa. A nan na ci karo da kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce "maganaɗisun ƙasa", wadda ake yawan ji a rediyo da rubuce-rubuce da nufin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa. Na gwada kalmar a zaure. Na cire ƙwallon ƙarfe na rataya tagulla, sa'an nan dutse, sa'an nan guntun katako, ina kiyaye tsawo. Iyakar abin da agogona ke iya rarrabewa, lokacin kai-komonsu ɗaya ne, sai dai katako ya fi saurin tsayawa saboda iska. Da na kawo maganaɗisu kuwa, ƙarfen kaɗai ya kama. Ke nan ƙarfi biyu ne daban. Ban da haka, duniya tana da maganaɗisunta na ainihi, wanda ke juya allurar kamfas ta masu neman alƙibla. Idan mun ba wa wancan wannan suna, da me za mu kira wannan? Ina ganin "ƙarfin jan ƙasa" ya fi dacewa, a bar wa maganaɗisu sunansa.

Ta biyu ita ce "nauyi". Buhu mai kilo 50 idan aka ɗora shi a sikeli mai sifirin wanda aka daidaita a Landan, a Kano zai nuna ragin kimanin giram 150, alhali ko ƙwaya ba ta zube ba. A sikeli mai faranti biyu kuwa ba za a ga ragi ba, don da buhun da dutsen awon duk sun ragu tare. Ashe akwai yawan abin da ke jikin buhun, wanda ba ya canzawa, akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi, wanda ke canzawa daga gari zuwa gari. Kalma guda muke da ita ga duka biyun. Na yi amfani da "yawan jiki" ga na farko, na bar "nauyi" ga na biyu, amma ban gamsu ba, ina kuma roƙon malamai su taimaka.

Ta uku ita ce "kuskure". A Hausa mai kuskure abin zargi ne, ana sa ran ya nemi afuwa. Amma tazarar nan ta 0.02 da ke kowane gefe na amsata ba laifi ba ce, ita ce iyakar abin da kayan aikina za su iya gani, kuma faɗinta wajibi ne. Matuƙar ɗalibi na jin ana kiranta kuskure, zai so ya ɓoye ta. Na fi son a ce "iyakar shakka".

Ta huɗu ita ce "daƙiƙa". A Larabci minti take nufi, a bakin Hausawa da yawa kuwa sakan ce, wasu kuma suna bin Larabcin. Kalmar da za ta iya nufin abu ko ninkinsa sittin ba ta da wuri a littafin awo, shi ya sa na tsaya a kan "sakan" da "minti".

Rubuta kimiyya da Hausa ba yau aka fara ba. Tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, kuma a 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Abin da nake so in ƙara shi ne, kalmar kimiyya ba ta isa a amince da ita don daɗin faɗi kawai ba. Ya kamata mai ƙirƙirarta ya ga abin da take nufi yana aiki a gabansa, mai kimiyya kuma ya zauna da masanin harshe kafin ya saki kalma ta bi gari.

7.0 KAMMALAWA

A wannan takarda an bayyana yadda aka auna ƙarfin jan ƙasa da lilo a wani zaure a Gyaɗi-Gyaɗi, da kafofi biyar da suka ɓata awon farko, da dalilin da ya sa adadin Kano ya zama 9.78. An kuma kawo kalmomi huɗu da ke bukatar gyara. Ban gano wani sabon abu da duniya ba ta sani ba, Richer ya riga ni da fiye da shekara 350. Amma da na bi shawarar zuciya a ranar farko na rubuta 9.81, da na sami maki, na kuma rubuta adadin da ba na garinmu ba ne. Ance ido ba mudu ba ne amma ya san kima; aikin mai bincike shi ne ya kawo mudun, ya kuma faɗi inda mudun nasa ya gaza. Wannan ya shafi mai nazarin karin sauti ko mai tattara waƙoƙin baka kamar yadda ya shafi mai auna lilo, don kowannensu na iya jin sha'awar gyara abin da ya ji ya dace da abin da littafi ya ce.

Ina ba Ƙungiyar Hausa shawara ta gayyaci ɗaliban kimiyya su riƙa kawo gwaje-gwajensu gabanta, a yi su a fili, a tattauna sunayen da za a ba abubuwan da aka gani. Wanda kuma ke son ya jarraba abin da na faɗa, waya mita biyu da ƙwallon ƙarfe da alli sun ishe shi, sai haƙurin tashi da asuba. Allah ya sa mu dace, amin.